Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bashin Kantin Kwari

Makon jiya mun tsaya inda Kawu ya bar mini rumfarsa a kasuwar Dole. Kafin in ɗora, ɗan ƙanwata na Amurka ya kira ni yana ƙorafi, wai an hana shi hayar gida don bai taɓa cin bashi ba. Can sai ka karɓi katin bashi na banki, kana ci kana biya, suna ba ka maki tsakanin 300 da 850. Na ce masa, “Kai yaro, mu a Damagaram makinmu a bakin mutane yake.” Ban taɓa riƙe irin katin nan ba, kuma dilolin atamfa na ɗauko daga Kantin Kwari ba tare da na sa hannu a takarda ba.

Kawu, Allah ya jiƙansa, kullum maganarsa ɗaya: bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ka kai kuɗin mutane kafin su aiko. Da adashin Inna na fara. Zubin jika guda duk Alhamis, ranar babbar kasuwa, ko ban yi ciniki ba sai na zuba. Uwar adashin ce ta fara shaida ta wurin mai butikin unguwarmu a Zango, shi kuma ya buɗe mini shafi a littafinsa. Daga nan magana ta bi direbobin Matamaye har Kano.

Ranar da zan fara karɓar kaya, Alhajin Kwari ya ce in kawo mai tsaya mini. Na je wurin Yaya, ɗan Kawu na cikinsa. A gaban mutane ya ce ko goro ba zai lamunce mini ba. Ko goro! Na yafe, amma ban manta ba. Maƙwabcin rumfa, wanda ba dangin iya ba na baba, shi ya bi ni Kano ya ce, “Alhaji, in ya ci, ni na ci.”

Sai ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Bashina na naira ne, cinikina na sefa. Mutane da yawa suka daina ɗaukar hanyar Kano. Na sayar da babur ɗina da tumakin Hajiya, da izininta, na kai kuɗin saura kwanaki wa'adi ya cika. Alhaji ya ƙirga, ya dube ni, ya ce wa yaransa, “Duk abin da Badamagaren nan ya nuna, ku ɗaure masa.” Ka kai kafin su aiko, in ji Kawu. Shi Yaya a shekarar nan aika aka yi ta yi masa, har gida.

Ko da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ƴaƴan Alhaji ne suka kira ni suka ce kada in damu, in biya in hanya ta buɗe. Uban ya rasu, amma sunana na cikin littafin da ya bari. A lokacin ne Yaya ya turo ɗansa, wai in tsaya masa a Kwari. Abin da na gaya wa yaron, da yadda Hajiya ta shiga maganar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.