Motar da na sayo ta tafasa a bakin babbar kasuwa

Sati uku ke nan da na ɗauko motar nan, kuma kwana goma sha ɗaya daga ciki a garaji ta yi su. Abokai sun dame ni da tambaya a WhatsApp, wasu na cewa an cuce ni wasu na cewa in saida ta tun da wuri, to bari in rubuta komi wuri guda yadda ya faru.

BMW ce 330Ci mai ƙofa biyu, ƙirar 2002, wadda masu saninta ke ce ma E46. Silinda shida a jere, lita 3, doki 231, giya ta hannu, kuma ƙafafun baya ke turawa. Tun ina lokkol nake son irinta, akwai wani ɗan kasuwa da ke ratsa unguwarmu da ita, ko ina cikin ɗaki in na ji ƙarar injin na san ita ce. Shi ya sa da na ji an sa wata a kasuwa a Yamai, ƴar Kwatano da ta yi hannu biyu nan ƙasar, ban yi wata-wata ba na tahi. Mun zagaya da ita minti goma da sanyin safiya, ba hayaƙi, giya na shiga lafiya lau, na biya. Ban kai ta wajen kowa ya duba ba, kuma wannan kuskurena ne. Da asuba muka kamo hanya, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, har Maradi sama da kilomita 600 allurar zafi na tsaye a tsakiya ko motsi ba ta yi ba. Abu guda na lura da shi ban ɗauke shi komi ba, kilim na sanyi in ana gudu amma in muka tsaya sai iskar ta koma ɗumi.

Kwana na huɗu wajen ƙarfe ɗaya na rana na shiga cunkoson bakin babbar kasuwa, kabu-kabu ta ko'ina ga adaidaita ga amalanke, ana tahiya taku ɗaya a tsaya. Sai na ji wani wari kamar na ƙarfe mai zafi, ina duban tablo na ga allura ta haye ja gaba ɗaya, tururi na fitowa ta gefen kapo. Nan take na kashe. Wani yaro ya rugo da bokiti don Allah zai taimaka shina neman buɗe murfin ruwa, na riƙe mishi hannu, don murfin motar nan bar 2 yake riƙewa, in ka buɗe shi da zafi tafasasshen ruwa ne zai watso maka a fuska. Janta aka yi zuwa gida.

Makaniken farko da na kira ko maɓalli bai ɗauko ba, ya leƙa kawai ya ce jwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da jikinshi, ya ƙone sai an sauke kan inji, in kuma ina son kwanciyar hankali in sayi wani injin. Wallahi daren nan ban yi barci ba. Na san injin wagga mota na alminiyam ne, in ya sha zafi sosai kulas na iya lanƙwashewa, wani lokaci ma zaren da ke riƙe notinan kulas ya zare daga jikin injin, kuma in ta kai can aiki ne babba. Kawuna ne ya ce kada in yarda a kwance komi, ya tura ni wajen wani dattijo a Ali Ɗan Sofo da ya daɗe shina taɓa motocin Jamus.

Na same shi zaune kan tsohuwar kujerar mota ƙarƙashin bedi. Na gaishe shi na zayyana mishi komi har da maganar jwan kulas. Ya ce, "Ɗana, wa ya auna?" Na ce ba wanda ya auna Baba. Ya ce, "To bar ta nan ta kwana, gobe mu tambaye ta."

Washegari ina tsaye aka yi komi. Ya zaro sandar mai ya murza tsakanin yatsu, baƙi ne ya tsufa amma bai yi launin shayi da madara ba, wato ruwa bai shiga mai ba. Aka cire buji shida aka jera su bisa kwali bi da bi, babu wanda ya yi fari tas kamar an wanke, don silindar da ruwa ke shiga tururi ke wanke bujinta. Sannan ya ɗaura agogon auna matsi a kowace silinda yaro na ba da wuta, duka shidan suka zo kusa da juna. A nan ne na ji numfashina ya dawo. Ya ce injin bai mutu ba, kashe ta da ka yi da sauri shi ya cece shi.

Daga nan ya cika ruwa ya sa ɗan famfon hannu a bakin bokal, wato tankin da ake zuba ruwan inji, ya ba shi iska, sai ga ruwa na tsartuwa siriri kamar zare daga gefen bokal ɗin. Da aka goge ƙurar sai ga tsaga mai tsawon ɗan yatsa, an taɓa shafe ta da gam an bi da baƙin fenti. Bokal ɗin roba ne, robar da ta shekara sama da 20 tana shan zafi dole ta gaji, wannan ba abin mamaki ba ne, abin da ya ɓata min rai shi ne liƙewar da aka yi aka yi shiru. Ruwan da aka zubar kuma ruwan pampo ne zalla, cikin tiyo duk farin dattin nan da ke kama gindin butar shayi. Da aka kwance kalosta, abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, sai muka tarar an fasa cikinta an fidda, kwanson kawai aka maida.

Wannan al'ada ta cire kalosta ta yi yawa a garuruwanmu, wai ƙasarmu zafi gare ta mota ba ta buƙata. Ni ma da haka na yarda. Baba ya zauna ya yi min bayani, ya ce injin nan an yi shi ne ya yi aiki da ruwa wajen digiri 97, in babu kalosta ruwa na zagaye tun inji na sanyi, ya daɗe bai kai zafinshi ba, kwamfutar mota kuma ta yi ta ƙara mishi mai, ga asarar esans ga buji na yin baƙi, kuma ainihin ciwon da ya sa aka cire ta shina nan ba a taɓa shi ba. Ciwon kuwa fanka ce. Mai giyar hannu fankar lantarki kawai gare ta, tawa ta mutu, an kunna kilim ko juyi ba ta yi ba. Ka ga dalilin da na yi doguwar tahiya lafiya, iskar hanya ce ke sanyaya radiyata, ina shiga cunkoso sai asiri ya tonu. Tsakanin radiyata da na kilim kuma abin da yaran suka zaƙulo ya cika kwano, ƙura da ƙaiƙayi da guntayen leda.

Allurar tablo ma ashe ba ta faɗin komi, an tsara ta ta zauna tsakiya ko da zafin na hawa da sauka, sai abu ya yi nisa take motsi. A intanet na koyi cewa akwai ɓoyayyen gwaji a tablon, da maɓallin goge kilomita ake shiga, ka buɗe lamba 19 sannan ka je lamba 7, sai ta nuna maka zafin ruwa da lambobi. Da na nuna ma Baba ya ji daɗi ƙwarai har ya kira yaranshi su gani.

Tun da tana kwance sai muka bi ta kan rawar da take yi a ralanti, wato in inji na aiki tana tsaye. An jona kwamfuta ta fiddo P0171 da P0174, iska na shiga ta inda bai kamata ba, da kuma P0304, silinda ta huɗu na tsallake wuta. Ya musanya bobin (abin da ke ba buji wuta) ta huɗu da ta biyu, laifin ya koma ta biyu, shi ke nan bobin guda ce ba sai na sayi shida ba. Iskar kuma tiyon da ke kai iska inji ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai da yaro ya lanƙwasa shi bakin tsagar ya buɗe.

Kaya daga Kano aka kawo su ta Jibiya da Ɗan Isa, su suka ci kwanakin. Fanka na yarda da wadda aka taɓa aiki da ita, amma bokal da murfinshi da kalosta da famfon ruwa da manyan tiyo biyu na dage sai sababbi, don tsohuwar roba ko daga ina ta zo tsohuwa ce. Ranar haɗawa an ɗaga gaban motar, aka murɗa maɓalli ba a tada inji ba, sofaji, wato mai ɗumama cikin mota, a ƙarshen zafi fankarshi a hankali, aka sassauta ɗan notin fidda iska ana zuba maganin ruwa da tataccen ruwa rabi da rabi sannu sannu har kumfa ta daina fitowa. Notin na roba ne, Baba da kanshi ya ɗaure shi da yatsu biyu bai bar yaro ya taɓa ba. Aka yi bidanji, lita 6 da rabi ta sha, kuma ya ja min kunne kan man ƴan ruwa-ruwa, ya ce gidan mai kawai.

Jiya na kai ta hanyar Madarunfa na dawo, idona kan lambar nan, tana wasa tsakanin 93 da 97. Sannan da gangan na koma bakin kasuwar nan da ƙarfe ɗaya, daidai inda ta tafasa, na tsaya cikin cunkoso gabana na faɗuwa, lambar ta ɗan hau sai na ji fanka ta tashi da ƙarfi, ta sauko. Kilim ma sanyi har a tsaye. Na yi hamdala ni kaɗai a cikin mota.

Saura ƙwanƙwasar da take yi a ƙafar gaba in na taka birki, Baba ya ce robobin hannun ƙafa ne sun mutu, na riga na ba da saƙon su, ranar Talata za a ɗaura in sha Allahu.