Tafiya Zariya don ganin Kamfanin Gaskiya

Motarmu ta bar Kano da hantsi, muka bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kafin azahar muka sauka a Kwangila. Daga nan na hau Keke Napep zuwa Tudun Wada, domin abin da ya kawo ni Zariya shi ne in ga inda aka raini rubutun Hausa na boko.

Da na ce wa mai keken ya kai ni Gaskiya, bai nemi ƙarin kwatance ba, saboda sunan kamfanin ya riga ya zama sunan titi. Tarihin kuwa ya girmi ginin. Hukumar Fassara ce mafari, wadda aka kafa a 1929 don samar wa makarantu littattafan karatu, daga baya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin wani Baturen jami'in ilimi, Rupert East. Shi ne ya zaga garuruwan Arewa a 1933 yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, kuma a gasar rubuta waɗannan labarai aka gano Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam yana editanta, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da injinan ɗab'insa.

Na daɗe a tsaye ina duban tsofaffin gine-ginen, ina tunanin ma'aikatan da suka riƙa jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, suna lura kada ƙ ta rikiɗe ta zama k. A ganina su ma sun cancanci marubuta tarihi su tuna da su, domin da hannunsu ƙa'idar rubutu ta zauna daram.

A 1966 aka kafa kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC (Northern Nigerian Publishing Company), tare da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila, ya gaji littattafan hukumomin da suka gabace shi. Da la'asar na shiga wani shagon littattafai a Sabon Gari, na tarar da littattafan NNPC jere a kanta da tambarin kamfanin a bango, galibinsu sirara, masu sauƙin kuɗi. Mai shagon ya ce, "Malam, ɗalibai masu shirin jarrabawa ne suka fi saye." Hakan ya dame ni, domin littattafan da kakanninmu suka karanta don nishaɗi bai kamata su zama na jarrabawa kaɗai ba. Na sayi waɗanda zan kai wa yaran gidanmu, sannan na nufi tasha.