Yadda na haɗa takardun neman jami'a a Amurka

Ranar 1 ga Agusta ake buɗe Common App, shafin da jami'o'in Amurka sama da 1,000 ke karɓar takardun masu neman gurbi ta cikinsa. Ni tun kafin ranar na soma shiri, kuma da lissafin kuɗi na soma. A manyan jami'o'i masu zaman kansu da yawa, kuɗin karatu da ɗaki da abinci na shekara guda ya haura dala 80,000, abin da gidanmu ba zai iya ba ko kusa. Don haka kowace jami'a na duba, tambaya biyu nake nema wa amsa: tana tallafa wa ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba? In tana yi, neman tallafin yana rage wa mutum damar samun gurbi?

'Yan kaɗan, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ba sa duba ƙarfin aljihunka lokacin yanke hukunci, kuma in sun ɗauke ka sukan cike abin da suka lissafa iyayenka ba za su iya biya ba. Sai dai shigarsu akwai wuya, wasunsu ba sa ɗaukar ko mutum 5 cikin 100 na masu nema. Wasu daga cikin sauran suna da tallafi, amma yawan buƙatarka yana cikin abin da suke aunawa. Common App yana barin mutum ya nemi jami'a har 20. Ban cike wannan adadin ba, domin kusan kowacce tana da nata ƙarin tambayoyin, kuma amsar da aka rubuta a gurguje ba ta ɓuya. Na haɗa masu tsananin wuya da waɗanda makina ya yi daidai da na ɗalibansu. MIT da Jami'ar California kuwa shafinsu daban ne, dole a duba su da kansu.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardun da ba a hannuna suke ba: sakamakon shekarun sakandare, rahoton makaranta, da wasiƙun malamai. Waɗannan makaranta ce ke turawa, ɗalibi ba ya taɓa su. Da yake da sanyin safiya ake kama fara, tun farkon zango na sami malamin lissafinmu. Na ce, "Malam, alfarma nake nema, wasiƙar shaida za a rubuta mini." Ya ce, "Ba komai, Allah ya ba da sa'a. Me suke so a ce?" Tambayar tasa ta nuna mini inda aikin yake. Malam ya saba rubuta cewa yaro mai ladabi ne, mai ƙwazo, mai biyayya, kuma gaskiya yake faɗa. Amma mai karantawa a can bai san Malam ba, bai san makarantarmu ba, kuma ya ga waɗannan kalmomin a dubban wasiƙu. Sai na rubuta masa shafi guda: ajin da ya koyar da ni, aikin da na yi a gabansa, ranar da na tsaya bayan an tashi muka warware wata tambaya ta hanyar da ba ta littafi ba, da ranar ƙarshe ta turawa. Ban gaya masa abin da zai ce ba, tuna masa kawai na yi da abin da ya gani da idonsa. A shafin Common App akwai wurin da ake tambaya ko ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar. Na yafe, domin an fi yarda da wasiƙar da mai ita bai karanta ba.

Jerin ayyukan da mutum ya yi a wajen aji yana ɗaukar abu 10, kowanne da bayanin da bai wuce haruffa 150 ba, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. An taso da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma har yanzu na yarda da haka. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne gane cewa ba yabo ake nema ba, aiki ake so a gani. Maimakon in ce ni jagora ne mai kishin al'umma, sai na rubuta cewa ina koyar da 'yan ƙananan aji lissafi bayan an tashi, ni ke tsara tambayoyin, ni ke duba amsa. Kula da ƙanne da ɗawainiyar gida ma suna da gurbinsu a jerin, kuma na saka su, don su ne suka ci yawancin yammacina. Duk wanda ya bar su saboda yana ganin ba abin faɗa ba ne, ya bar mai karatu da tunanin zaman banza yake yi.

Sai babban rubutu, wanda ba ya wuce kalma 650. Na ga masu nema da yawa suna ƙoƙarin cusa tarihin rayuwarsu gaba ɗaya a ciki, daga haihuwa har burin ceto duniya. Ni a kan yaro guda na rubuta, cikin waɗanda nake koyarwa. Kullum in aka ce ya haɗa rabi da sulusi, sai ya tara na sama daban, na ƙasa daban, ya ce biyu bisa biyar. Na maimaita masa ƙa'ida har na gaji, bai sauya ba. Wata rana na yage takarda biyu daga littafina, na ninke ɗaya gida biyu, ɗayar gida uku, na ce ya ɗora su ya gaya mini ko gutsattsarin girmansu ɗaya. Ya daɗe yana juya su, can sai ya sake ninke kowacce har ta zama gida shida, ba tare da na ce masa komai ba. Rubutun nawa a kan abin da na fahimta ne a wannan zaman: yaron yana da nasa tunanin mai tsari, ni ne ban tambaye shi yadda yake gani ba, kuma daga nan na fara sha'awar yadda mutane ke koyon abu. Mutum biyu na ba su karanta. Gyaran nahawu na karɓa, amma inda aka so a sa mini kalmomin da ba na furtawa, na ƙi. Rubutun da hannu ya yi wa yawa yakan fita sumul, sai dai babu mai shi a ciki.

Jarrabawa ba ni da dogon bayani a kanta. SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, makinta 1600 ne, a kwamfuta ake yin ta yanzu. Wasu jami'o'in sun bar ta ganin dama, wasu kuma sun dawo da ita dole, kamar yadda MIT ta sanar a 2022. Ta Turanci kuwa, ko TOEFL ko IELTS ko Duolingo, kowace jami'a da wadda take karɓa, wasu ma sukan ɗauke wa wanda da Turanci ya yi karatu. A shafin jami'ar ake tabbatarwa, ba a bakin mutane ba. Cibiyoyin EducationUSA, na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, suna taimakawa da irin wannan bayanin.

Akwai tsarin nema da wuri da suke kira Early Decision, wanda galibi ke rufewa 1 ga Nuwamba. Alkawari ne: in sun ɗauke ka, za ka janye daga sauran. Ban bi shi ba, don ina buƙatar in ga tallafin kowa in kwatanta. Na bi na gama-gari, mai rufewa a farkon Janairu. Tare da shi na cike CSS Profile, fom ɗin da ke tambayar kuɗin shigar iyaye da kadara da yawan mutanen gida. Mun zauna da Baba da takardu a gabanmu, kowane adadi sai da muka samo shaidarsa, domin suna iya neman a turo.

A ƙarshen Maris amsoshi suka iso, wasu e, wasu a'a. Wasiƙun tallafin na jera, na ware kyauta daban, bashi daban, aikin cikin makaranta daban, na ƙara kuɗin jirgi da inshora da littattafai. Jami'ar da ta fi suna cikin waɗanda suka ɗauke ni ta bar giɓin da ba za mu iya cikewa ba. Na rubuta wa ofishin tallafinsu da ladabi, da hujjoji, suka ƙara kaɗan, bai isa ba. Kafin 1 ga Mayu, ranar ƙarshe ta ba da amsa, na amsa wa wata cikin sauran da suka ɗauke ni.