Rugugin tirela ya sauka: abin da tazarar santimita 10 ta yi wanda tagwayen gilashi suka kasa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon wannan aiki. Taga ta biyu da aka ƙara daga cikin ɗaki don tare ƙarar titi ta zauna, roba ta kama ko'ina, kuma yanzu tirela tana wucewa ana jin ta can waje maimakon ta cika ɗaki. Alhamdu lillahi. Na rubuto ne musamman saboda masu shirin zuba kuɗi a tagwayen gilashi suna zaton da zarar an sa an gama.

Tagogi biyu ne a bango ɗaya, ɗaya ta falo, ɗaya ta ɗakin kwana, kowacce 1200 da 1200, firam na alminiyom mai zamewa gefe, gilashi milimita 4. Bangon bulo ne inci 9 da filasta ciki da waje, yana kallon babban titi daidai inda manyan motoci ke taka birki su sake ɗaukar wuta. Ta falo ce ta samu tagwayen gilashi da aka manne tun daga masana'anta, 4-12-4 (gilashi milimita 4, tazarar milimita 12, sai wani gilashi milimita 4), kuma sai da aka canza ganyayen tagar kafin su shiga. Shuuu ɗin taya ya ragu, hon ɗin adaidaita sahu ya ɗan yi laushi. Rugugin kuwa ko gezau, wani lokaci har kamar ya fi na da. Wannan kuɗi har yau yana ci mini rai.

Dalilin ba boyayye ba ne idan aka zauna aka lissafa. Gilashi biyu da iska a kulle a tsakaninsu ganga ce mai fata biyu: ka bugi ɗaya, iskar ciki ta tura ɗayar ta amsa. Akwai wani kaurin sauti da suke amsawa tare fiye da kowanne, a nan ne ƙara ke wucewa kusan ba shamaki. Ana gano shi da nauyin gilasan da faɗin tazarar. Kowane milimita na gilashi kilo 2.5 ne a murabba'in mita, don haka mai 4 kilo 10 ne. Haɗa nauyin biyun, ka raba da abin da ya fito in ka ninka nauyin farko da na biyu da tazarar a mita, ka ɗauki tushen murabba'i, ka ninka da 60. A 4-12-4 amsar wajen 245 Hz ce (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri). Ka faɗaɗa zuwa 16, ta sauka 212 kawai. Wannan yanki, daga 250 zuwa ƙasa, shi ne gidan ƙugin injin dizal da salansa. Ke nan raunin gilashin ya faɗo daidai inda titi ya fi ƙarfi.

Takardun bayanin gilashi ma sun faɗa, mu ne ba ma karanta lambar da ke gefe. Gilashi ɗaya mai milimita 4 ana ba shi Rw 29 (Rw ita ce lambar yawan ƙarar da gilashi ke tarewa) da Ctr −3. Tagwayen 4 da 4 masu ƙaramar tazara su ma Rw 29 ne, amma Ctr −4. Ctr ita ce gyaran da ake yi saboda ƙarar motocin cikin gari, cire ta ake yi daga Rw. Ɗaya ya ba ka 26, biyu suka ba ka 25. An ƙera tagwayen ne don tare zafi da sanyi, kuma iskar argon da ake tallata su da ita ba ta taɓuka komai a wajen ƙara. Haka gilashi mai duhu, haka wanda aka gasa don ya yi ƙarfi: nauyinsu ɗaya da na fari, ƙarar da suke tarewa ɗaya. Wanda ya dage sai tagwaye, to ya bambanta kaurinsu. 10 da 4 suna kaiwa Rw 35, Ctr −5, sai dai firam ɗin zai ɗauki kilo 35 a kowane murabba'in mita.

A ɗakin kwana an bar tsohuwar taga yadda take, aka kafa wata daban daga ciki. Bango mai inci 9 da filastarsa yana kaiwa wajen milimita 250, bayan tsohon firam da sabo sun ci nasu aka samu milimita 100 daga gilashi zuwa gilashi. Na ciki mai leda ne a tsakiya, irin na gaban mota, 3 da 3 da ledar 0.38, jimilla 6.38, kusan kilo 15 da rabi a murabba'in mita. Sake lissafin: 77 Hz, kuma saukar nan ita ake nema, domin sautin da ke sama da wannan lamba shi tazarar ke tarewa. Da an samu 150 da ya sauka wajen 63. Da an tsaya a 50 da ya hau 109. Kowane santimita a nan ya fi ƙarin kaurin gilashi arha, shi ya sa ban yarda a tura sabon firam ciki don ya yi kyau da ido ba. Ya zauna a bakin bango daidai da filasta.

Bambanta kaurin yana da wani dalili na biyu. Kowane gilashi yana da raunin kansa a siririn sauti, kuma ana samunsa idan aka raba 12,000 da kaurinsa a milimita: mai 4 wajen 3,000 Hz, mai 6 wajen 2,000, mai 10 wajen 1,200. In duka biyun kaurinsu ɗaya, ƙofa biyu ka jera a buɗe. Ledar tsakiya kuma tana shanye girgizar, shi ya sa raunin mai leda bai kai zurfin na zalla ba.

Yanzu ga abin da ya riƙe aikin. Bayan an ɗaura taga ta ciki rugugin ya faɗi, amma wata siririyar ƙara ta ƙi tafiya, kana jin hon da kukan babur kamar ta bututu ake turo su. Idan sauti mai kauri ya ragu siriri ya tsaya, kada ka zargi gilashi, akwai kafa. Lissafin kafa ba shi da tausayi. Zagayen wannan taga mita 4.8 ne, ga mahaɗar ganyaye 1.2, mita 6 ke nan. Tsaga ta milimita 1 a tsawon nan ta kai kashi 0.4 cikin ɗari na faɗin tagar, kuma a ƙiyasi na kusa wannan kaɗai ya isa ya hana ragin ƙarar da take yi ya wuce 24 dB (dB ma'aunin ƙarfin ƙara ne), ko da gilashin ya kai kaurin bulo. In buɗaɗɗen ya kai kashi 1 cikin ɗari, 20 dB ce iyaka. Saboda haka ne taga mai luba ba ta cikin maganar ma, mai zamewa kuma burushin gashinta ƙura yake ragewa, ba ya matse iska. Ta ciki dole ta zama mai hinji, tana rufuwa a kan roba tana matse ta, da maƙulli sama da ƙasa. Maƙulli ɗaya a tsakiya yana barin kusurwoyi su ɗaga.

An bi robar da gwajin takarda: ka rufe ganye a kan takarda ka ja, in ta zare salin-alin wurin bai kama ba. Kusurwar sama ta ɓangaren hinji ce ta saki, aka gyara hinjin. Robar kuma an sake ta da irin robar da ake kira EPDM, guda ɗaya mai zagayawa, mahaɗinta a sama a tsakiya, domin yankakkiya gida huɗu tana ja da baya a kusurwa idan zafi ya dake ta. Kada a ja ta lokacin sawa; a bar mata ɗan rara a tura ta ciki. Duk da haka ƙarar tana nan. Tocila da dare ba ta nuna komai ba.

Abin da ya tona asirin guntun tiyo ne, kamu ɗaya: baki ɗaya a kunne, ɗayan ana bin gefen firam da shi a hankali lokacin da mota ke wucewa. A ƙasan firam, ɓangaren hagu, ƙarar ta yi tsalle. Da aka ɗaga ƙyallen alminiyom da ya rufe wurin sai ga gibi tsakanin firam da bango, an cika shi da kumfar gwangwani an shafe fuskarsa da fenti. Kumfar nan ba ta da nauyi, sauti ratsa ta yake yi. Bayanta kuma ramin bulo ne a buɗe, wanda ya haɗu da gefen tsohuwar taga ta waje. Ƙarar ba ta ma bi ta gilashi ko ɗaya ba, zagayowa ta yi ta cikin bango. Kai, wannan abu ya ba ni haushi, ya kuma ba ni daɗi, domin maganinsa kwano ɗaya ne na kwaɓin siminti.

Yadda aka toshe: aka ƙwaƙule kumfar tas, aka cika ramukan bulon da siminti da yashi, ɗaya bisa huɗu, aka bari ya bushe. Gibin da ya rage tsakanin firam da bango, milimita 5 zuwa 8, aka cusa masa igiyar soso mai zagaye don silikon ya samu abin jingina, sannan aka ja silikon layi ɗaya ba yankewa, ta ciki da ta ɓangaren tazarar. Silikon ɗin ya zama marar warin tsami. Mai warin nan yana cin gefen ledar gilashi har ta fara fari tana rabuwa, kuma ba ya kama siminti da kyau. Masu aiki a lokacin hunturu suna da wata dabara kyauta: ku bar tagar a rufe na ɗan lokaci, duk inda kuka ga layin ƙura a kan firam ta ciki, nan iska ke shiga, nan ƙara ke shiga.

Ƙarafan tsaro sun faɗo a tsakanin tagogin biyu. Ba matsala, muddin sabon firam bai taɓa su ba. In an ɗaure shi a jikinsu, ko an yi walda, girgizar tagar waje za ta bi ƙarfe ta iso ta ciki, tazarar ta tashi a banza. A bango kawai za a kafa shi. Gefunan ramin tagar, hagu da dama da sama, an liƙa musu abin shanye sauti mai kaurin milimita 25 an rufe da ƙyalle. Ƙasan an bar shi don a iya sharewa. Gilashin kansa yana zaune a kan 'yan tubalan roba, da rarar milimita 3 a kowane gefe, ba inda ya taɓa alminiyom. Ku auna sau biyu kafin ku ba da yanka, tsawo da faɗi a wuri uku-uku, ku ɗauki mafi ƙanƙanta. Mai leda ba a rage masa milimita 2 daga baya, kuma shi ne ya fi komai tsada a aikin. In mai yankan yana zuba sifirit ya kunna wuta don ya narkar da ledar, ku duba gefen kafin ku karɓa. Ƙonannen gefe daga nan rabuwa ke farawa. An raba nauyin gida biyu, kowane ganye wajen kilo 10 banda firam, hinji uku-uku.

Masu aunawa da waya, a kula. Ma'aunin dBA, wato dB da aka daidaita da jin kunnen mutum, yana rage darajar sauti mai kauri da gangan: wajen 9 dB a 250 Hz, 16 a 125, 26 a 63. Lamba za ta iya nuna an ci nasara alhali ƙirji yana jin tirela. Ku nemi manhajar da ke zana kowane kauri daban, ku ajiye wayar a wuri ɗaya da lokaci ɗaya kafin aiki da bayansa, ku dubi bambancin kawai. Ragin 3 dB da ƙyar kunne ke lura da shi, sai an kai 10 ake jin kamar ƙarar ta rabu biyu. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a 1999 shi ne kada ɗakin kwana ya wuce 30 dB a matsakaici da dare, kuma kada ƙara ta lokaci ɗaya ta haura 45.

Kada a toshe ƙananan ramukan fitar ruwa na tagar waje, damina za ta zo. Ta ciki ce za ta matse fiye da ta waje. Ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska zai iya tara raɓa a tsakanin tagogin a watan Agusta, shi ya sa ta ciki take buɗuwa a goge. Ɗakin da aka toshe haka ba a shigar masa da kaskon gawayi, kuma janareta ya yi nisa da shi, domin iskar da ke shiga ta kafofi a da ta daina.

Abin da ya rage shi ne wani ɗan ɗum mai zurfi idan tifa cike da yashi ta daki rami, wanda ta ƙasa da bango yake zuwa, taga ba ta da iko da shi. Sai kuma sili: tunda tagar ta yi shiru, tiyon ya fara nuna cewa ƙara tana shiga ta ƙarƙashin kwano ta sauko ta silin roba, da kuma ramin bututun na'urar sanyi da ba a cika ba. Ramin zan fara toshewa a wannan makon, kafin a yi maganar ɗora allon jibsam mai milimita 12.5 a saman silin. Tagar falo kuma za ta samu tata ta ciki, tagwayen su zauna a waje. Da kilo 20 nasu da tazarar 100, lissafi ya ba da wajen 64 Hz.