Kafin a sauke giyabos, a duba hanyar sandar giya

Duk wanda ya kawo mota garejinmu a Sabon Garin Zariya yana kukan giya ba ta shiga, tun daga gida ya riga ya yanke wa giyabos hukunci. Maigidana kuwa ba ya yarda a taɓa noti ko ɗaya sai an kashe injin, an kama sandar giya an jijjiga. Idan giya na ciki amma sandar na yawo hagu da dama kamar muciya a tukunya, to giyabos bai yi laifi ba tukuna.

Motar da ta zaunar min da wannan darasi tsohuwar Porsche 911 ce ta wani dattijo a GRA, mai giyabos samfurin 915, wanda kamfanin ya yi amfani da shi daga 1972 zuwa 1986. Injinta a baya yake, giyabos ma haka. Saboda haka hannun direba na nan gaba, aikin na can baya, wani dogon ƙarfe ne ke bi ta ramin tsakiyar mota ya haɗa su. Wanda ya taɓa gyaran Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ba zai ga baƙon abu ba, tsarin kusan ɗaya ne.

Bushin roba, wato ƙananan robobin da ke hana ƙarfe rawa a mazauninsa, su ne ke riƙe da wannan tafiya. Akwai ɗan kofi a gindin sandar, akwai zobe da ƙarfen ke zamewa a ciki, sai biyu a mahaɗar ƙarfen da giyabos da ke bayan kujeru, ƙarƙashin wani ɗan murfi. Da muka ɗaga murfin, garin roba rawaya muka tarar a ƙasa, fil ɗin mahaɗar yana rawa a rami. Zafin Zariya ya busar da robar, ƙurar hunturu ta cakuɗa da tsohon giris ta cinye sauran. Ɗan motsin da bai kai kaurin farce ba a can baya, kafin ya iso hannun direba ya zama yawo babba, domin sandar doguwa ce.

"Ranka ya daɗe, ba sai an sauke komai ba," in ji maigida. Dattijon bai gamsu ba, don an riga an faɗa masa kuɗin sauke injin da giyabos, waɗanda a wannan mota tare ake sauke su. Mutane sun fi yarda da gyara mai tsada, abin na ba ni mamaki har yau.

Inda aikin ya fi neman natsuwa shi ne wurin matsewar mahaɗar. Noti ɗaya ne ke riƙe da tsawo da kuma juyawar ƙarfen. Kafin a sassauta shi sai a yi alama da fenti, in ba haka ba a wuni ana neman giya ta biyar, ko kuma ana ƙoƙarin sa ta biyu sandar na leƙa ta huɗu. Alamar ma mafari ce kawai, don saitin da ya dace da cinyayyen bushin ba lallai ya dace da sabo ba.

Wani abu kuma: ramin bushin mahaɗar na asali ba zagayayye ba ne, an ɗan tsawaita shi da gangan domin injin da giyabos su motsa ba tare da sun fizgi sandar ba. Idan ka kai wa mai juyin ƙarfe ya yanko maka na tagulla matsattse, giya za ta shiga tsaf, amma karkarwar injin za ta riƙa zuwa har tafin hannu. Ni dai na fi son a jira na roba ya iso, ko da zai ɗau lokaci. A kuma duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kai, in sun lotse duk saitin banza ne.

Da muka gwada ta daga Kwangila zuwa Samaru, kowace giya ta koma mazauninta, sai dai ta biyu tana ɗan gurzawa idan an gaggauta. Wannan kam daga ciki ne, zoben daidaita gudu na cikin giyabos, wanda ke sa giya ta shiga ba gurzawa, ya ci saboda shekarun da aka yi ana tura sandar da ƙarfi. Maigida ya ce wa dattijon ya riƙa taka kuloci har ƙasa, ya ɗan dakata a tsakiya kafin ya sa ta biyu, zoben zai kai shi wasu shekaru.