Idan inji ya mutu mota na tsakiyar gudu

Duk motar gida da aka jawo min gareji a nan Birnin Kebbi aka ce ta mutu a kan hanya, kafin in ɗaga bonet tambaya uku nake yi wa mai ita. Allurar da ke nuna juyin inji faɗuwa ta yi lokaci guda, ko sai da motar ta yi ta fizga tukuna? Wace fitila ce ta fara kamawa a gaban direba? Da aka bar ta ta huce, ta tashi ko ta ƙi? Amsoshin nan rabin bincike ne, amma da wuya a samu mai ba da su, domin a lokacin hankalinsa na wani wuri: sitiyari ya yi nauyi, birki ya sandare, ga yara a kujerar baya, ga tirelar albasa daga Aliero tana danna masa ham. Abin da kusan kowa ke ce min shi ne, "Malam, birki ne ya tsinke." Na duba irin waɗannan motoci da yawa, birkinsu lafiya lau yake.

Bayan ƙaramar tukunyar man birki, jingine da bangon da ya raba inji da direba, akwai wani baƙin kwano mai faɗi da muke kira busta. Inji na zuƙe iskar cikinsa ta wani tiyo, wannan zuƙar ce ke ninka ƙarfin ƙafarka. Da inji ya mutu zuƙa ta tsaya, sai ɗan abin da bustar ta ajiye, wanda ba ya wuce taku biyu ko uku. Direban da ya firgita ya hau famfa birki, taka-saki taka-saki, cikin daƙiƙa biyu ya ƙarar da ajiyar. Ko bayan nan ma birkin na kamawa, sai dai yana son ka jingina bayanka da kujera ka danna da dukan ƙarfinka, da ƙafa biyu in ta kama.

Ana iya gwada wannan a ƙofar gida. Ka tayar da mota minti ɗaya, ka kashe, ka taka birki a hankali kana ƙirgawa. Na farko laushi, na biyu ya ɗan ɗago, na uku ko na huɗu ya ƙi tafiya. Ka riƙe ƙafarka a kai ka tayar da inji, za ka ji fedar ta nutse kaɗan. Bustar lafiya ke nan. In kuwa tun takun farko ta sandare, ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyon yana yoyon iska, ko tiyon ya tsage. Motar da ke haka ba ta da ajiya ko ta taku ɗaya ranar da inji zai mutu, kuma gyaran bai kai kuɗin cika tanki ba.

Masu kawo min aiki, musamman matan da ke kai yara makaranta da Islamiyya, nakan fita da su fili inda babu kowa, ina gefe hannuna a kan birkin hannu. A gudun kilomita 20 a awa sai in ce a sa giya a firi, a mayar da makulli baya daki ɗaya tak. Fuskar mutum na sauyawa da ya ji sitiyarin ya cije. "Hajiya, riƙe da hannu biyu ki ja, zai juya. Yanzu danna birki, kar ki saki." Motar ta tsaya cik. Wanda ƙafarsa ta taɓa jin wannan nauyin ba ya ruɗewa kamar wanda ya fara haɗuwa da shi tsakanin Kalgo da Jega.

A kan titi kuwa, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka lokacin shawara kaɗan ne. Gudun nan da ya rage shi ne jarinka. Sitiyari mai aiki da mai ya fi sauƙin juyawa mota na da sauri, tana raguwa yana ƙara tauri. Saboda haka ka kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa, ka duba madubi, ka nufi gefen dama tun da sauran gudu, sai ka ga inda za ka tsaya sannan ka taka birki taku ɗaya mai tsawo. Makulli ka bar shi inda yake. Wanda ya murɗa shi har ƙarshe ya zare, sitiyari zai kulle a kwanar farko, kuma jakar iskar da ke kare ƙirji ba za ta fashe ba in aka yi karo. Wannan ne ya faru da ƙananan motocin General Motors irin su Chevrolet Cobalt a Amurka: makulli na zamewa da kansa saboda nauyin abin da aka rataya masa ko girgizar hanya, har kamfanin ya janye motoci miliyan 2.6 a 2014, ya kuma biya diyyar mutum 124 da suka rasu. Shi ya sa in na ga makullin mota ɗauke da makullan shago da na gida goma, nakan roƙi mai shi ya raba su.

Mai giyar otomatik ya tura ta N. In hanya miƙaƙƙiya ce babu kowa, yana iya gwada tayarwa sau ɗaya a nan, in ta ƙi ya rabu da ita. P da R ba a kusantar su sai mota ta tsaya. Mai giyar hannu irin Golf 3 ko Peugeot 406, in bai ji ƙarar ƙarfe ba ya bar ta cikin giya, domin tayoyi na juya injin, busta da famfon sitiyari na ci gaba da aiki. In ya ji ƙara ko motar ta turje, ya taka kuloci nan take, injin da ya cije yana iya kulle tayoyin gaba. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa. A ja shi sannu-sannu yatsa na kan maɓalli, fizga ɗaya kan juya mota. Na Sienna da ƙafa ake taka shi, ya fi wuyar sarrafawa, a bar shi sai in ba makawa.

An tsaya, a fitar da tayoyi huɗu daga kwalta, kowa ya sauka ta ƙofar da ke gefen daji ya yi nisa da motar. Alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku a kai ta taku 50 baya, a babbar hanya ko bayan kwana taku 100. Ganyen da ake karyowa a zuba ba a ganinsa da dare. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Akwai masu kashe inji da gangan, kuma sun ƙaru tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. A gangaren wajen Zuru mutum zai kashe mota ya sake ta wai yana tattalin mai. Motar da ke aiki da nozul, in ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya a gangare, ƙwaƙwalwarta da kanta take yanke mai. Ba abin da ya tsira da shi, ya dai zubar da birkinsa da sitiyarinsa.

Tsadar man ce kuma ta sa famfon mai ya zama kan gaba a abin da nake canzawa. Cikin tanki yake, man fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Mai sayen lita 5 kullum, fitilar mai ba ta taɓa mutuwa ba, famfonsa a sarari yake aiki yana gasuwa, ga zafin watan Afrilu da ke haura 40 a ma'auni. Sai a ƙara da man 'yan bumburutu da aka zuba a gorar da ba a san me ta ɗauka jiya ba, da ƙasa da ruwa, su toshe rariyar da ke bakin famfon. Irin wannan mota tana ba da sanarwa. Tana fizga a hawa ko wajen wuce wata mota, ana jin kuka siriri daga ƙarƙashin kujerar baya, ta mutu da azahar, bayan minti 20 ko 30 ta tashi kamar ba ita ba. Mai ita ya ce ta warke, alhali famfon ne ya huce. Ni ba na canza famfo da ka. Agogon awon matsi nake ɗaurawa: Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana son 44 zuwa 50 a ma'aunin psi, kuma in na ba ta wuta bai kamata ya faɗi ba. Ina duba soket ɗin da ke saman famfon, sau da yawa za ka tarar ya yi baƙi ya narke, sabon famfo a kan ƙonannen soket aikin banza ne. A Honda kana murɗa makulli za ka ji famfon ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu ya tsaya. Toyota da yawa ba sa yi sai ana tayarwa, kada a yanke wa famfonsu hukunci don an ji shiru. Shawarata ita ce kada tanki ya sauka ƙasa da kwata. Kuɗin man da za ka sha ɗaya ne, cikon farko ne kawai mai nauyi.

In allura ta faɗi lokaci guda ba fizga ba komai, wuta nake bi. Sansar karanshaf, wato 'yar na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota juyin inji, in ta tsufa zafi na yanke ta, kwamfutar bincike kan nuna lambar P0335, a sa ta asali domin jabun ba ta kai damina. Sai kan batir da aka cusa wa ƙusa ko guntun gwangwani don ya kama, rami ɗaya ya isa ya yanke wuta. Sai na'urar hana sata da wani mai wayarin ya yanke wayar famfon mai ya murɗa da hannu ya naɗe da salatif. Na kwance irin wannan haɗin da yawa, wayar ta yi kore, da ka taɓa ta ta rabu. Altanato kuwa, mai cajin batir, a auna shi da mita: inji a kashe batir ya nuna wajen bolt 12.6, inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Al'adar cire kan batir inji na aiki don a ga ko yana caji tana ƙona ƙwaƙwalwar mota. In fitilar batir ta kama kana tafiya, da cajin batir kaɗai kake tafiya, ka kashe esi da rediyo ka nufi gari mafi kusa. In ta kama tare da nauyin sitiyari, fanbel ne ya tsinke, kuma a Corolla shi ne ke juya famfon ruwa, ka tsaya a nan.

Zafi da baƙin mai su ke kashe inji kisan da ba tashi. Ana cire tamostat, mai daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, tsatsa da gishiri su toshe shi. Ruwan sanyaya inji na gaske ake sawa, a kuma canza murfin in robarsa ta bushe. Abin da ke yaudarar mutane shi ne in ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya allurar zafi na iya saukowa, don sansar ba ta cikin ruwa. Ba a buɗe murfin sai an jira aƙalla rabin awa. Jar fitilar baƙin mai kuma matsi take nunawa, in ta kama daƙiƙoƙi suka rage kafin inji ya buga, ba batun bari in ƙarasa Koko. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu ta yi suna wajen shan baƙin mai, mai ita ya zaro sanda ya duba duk mako. Mai sayen mota 'yar Kwatano ya murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ya ga fitilar mai da ta batir da ta inji duk sun kama. Wadda ba ta kama ba, wani ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta.

Taimin bel kuwa, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji, ba ya sallama. Corolla da Camry da Accord na 2003 zuwa 2007 masu silinda huɗu sarƙa gare su, ita tana ƙara kafin ta lalace. Sienna ta 2004 zuwa 2006, Accord mai silinda shida, Golf 3 da Peugeot 406 bel ne. Toyota ta sa mil 90,000 ga Siennar. Honda ta sa mil 105,000 ko shekara 7, amma ta ce inda zafi ke haura 43 a sauko zuwa mil 60,000, kuma mu nan muna taɓa wannan zafin kafin saukar damina. Lambar tafiyar da ke jikin motar Kwatano ba abin dogaro ba ce, don haka in ba takardar da ta nuna an canza, ina canzawa da an sayo, tare da famfon ruwa da tayoyin da ke ɗaure bel ɗin. In ya tsinke a Honda ko Peugeot fistin na dukan bawul ya lanƙwasa su. Alamarsa, kana ba da kik za ka ji injin na juyawa da sauri sakayau. Kada a sake murɗawa.

Haka ma motar da ta mutu cikin ruwa a watan Agusta, a mashigin fadama ko kwalbatin da ya cika. In ruwa ya bi ta bututun iska ya shiga silinda, kik ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. A turo ta tudu, a buɗe akwatin matatar iska. In ta jiƙe, a kwance fulogi duka, a cire fiyus ɗin famfon mai da soket ɗin kwayil, a juya injin ruwan ya fito ta ramukan, a zubar da baƙin mai a sa sabo da sabuwar matata kafin a mayar da fulogi.