Yawon ƙafa a New Forest, dajin da dawakai ke yawo ba makiyayi

Daga tashar Waterloo a Landan, jirgin ƙasa ya sauke mu a Brockenhurst cikin kusan awa ɗaya da rabi, ni da yayana. Tun ba mu bar gari ba muka tarar da dawakai tsaye a kan kwalta, ba linzami ba mai kora, motoci sun yi layi suna jira.

Muka bi ta filin Balmer Lawn muka nausa daji. Watan Oktoba ne, ganyen itatuwan oak da beech ya fara ja, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Sunan dajin "sabo", alhali tun wajen 1079 Sarkin Ingila William na ɗaya ya keɓe shi don farauta. A 2005 ya zama gandun ƙasa. A gindin wata oak muka ga aladu suna kiwo. Yaya ya ce da kaka ake sako su su cinye 'ya'yan itacen, domin guba ne ga dawakai da shanu.

Da muka fita sarari sai iska ta mare mu. Fili ne iya ganinka, gajeriyar ciyawar heather ta fara bushewa, ga ƙayar gorse da ɗan sauran furenta ruwan ɗorawa. Na daɗe a nan ina kallon wata goɗiya. Akwai tambari a jikinta, an yanke gashin wutsiyarta da wani salo, shaidar mai ita ya biya kuɗin kiwo. Kowace dabba da mai ita, kuma haƙƙin kiwon yana bin gida ko gona ne tun kaka da kakanni. Bakin dabbobin ne ke hana kurmi cinye filin. Raina ya sosu da na tuna burtalolinmu da aka nome.

La'asar sakaliya muka isa Lyndhurst, ƙafafu sun yi nauyi. Muka shiga wata mashayar ƙauye mai murhun itace, irin wadda iyalai ke zuwa cin abinci. Muka karɓi shayi da soyayyen kifi da dankali, wani kare kwance ƙarƙashin teburin maƙwabtanmu.

"Yaya, wa ke raba rigima idan dabba ta yi ɓarna?"

Ya nuna saman titi. A garin kotun Verderers take, masu kula da dokar kiwon dajin, kuma har yau tana zama a bainar jama'a, mai koke ya miƙe ya faɗi kokensa.